Jan Fenti a Bangon Hukuma

Babu wanda ya taɓa kiran ta da sunan a gaban idonta, amma ta san duk garin Jan Fenti ake ce mata. A ofis Shugaba ce, a gida Mama, a wurin tsohuwarta kuwa har gobe Auta ce. Amma da zarar tsohuwar motar sashen duba gine-gine na ƙaramar hukuma ta karyo kwana, sai ka ji birkila daga saman bango yana cewa, "Ga Jan Fenti nan!" Nan take mai kwaɓa siminti zai jingine shebur, mai ginin kuwa ya sulale ta ƙofar baya kamar ba shi ya tara mutane ba.

Ubanta magini ne. 'Ya'yansa maza biyu babu wanda ya kalli sana'ar, sai ita da ake aika ta kai masa abinci wurin aiki ta ƙi dawowa. Ita ke riƙe masa bakin igiyar awo. Tun tana shekara goma ta iya gane bulon da aka yi wa rowar siminti, domin in ka murza gefensa da babban yatsa sai ya zube kamar gari. Da ta gama kwalejin fasaha aka ɗauke ta ƙaramar mai duba gini. Shekara goma sha tara tana yawon layi-layi, rana ta dake ta, karnuka su bi ta, masu gida su zage ta, kafin a ba ta shugabancin sashen.

Sashen kuwa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, kusa da banɗaki. Tebur uku, ma'aikata biyar, kabad biyu cike da fayil, da fanka ɗaya wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. A takarda aikin ba shi da wuya. Kada a yi gini ba da izini ba, kada a ci hanya, kada a toshe magudanar ruwa, kada a ɗora bene a kan tushen da ba zai ɗauka ba. Wanda ya saɓa a ba shi takardar gargaɗi ta kwana ashirin da ɗaya, in ya yi kunnen ƙashi a shafa wa bangonsa jan fenti, in ya ƙi ji katafila ta zo. A aikace kuma, duk takardar da ta fita daga ofishin waya uku ke biyo bayanta. Wannan surukin kansila ne, wancan ya yi wa jam'iyya wahala, wannan kuma maraya ne a duba. Maraya mai bene hawa uku.

Mijinta, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yakan ce mata, "Ke dai kin zaɓi aikin da ko gaisuwa ba a yi miki da zuciya ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Akwai gidajen dangi biyu da aka daina gayyatar ta sha'ani, saboda katangar da ta sa aka mayar baya da taku huɗu.

Abin da ya fi ci mata rai a duk shekarun nan a kan babbar magudanar da ke bayan kasuwa ya faru. Duk ruwan unguwannin tudu ta nan yake bi ya wuce rafi. Wani kafinta ya shimfiɗa katakai a kanta ya kafa rumfa, shekara goma sha shida yana aikinsa a wurin. Kowace damina guntayen katako da dusar zarto su haɗu da ledar kasuwa su toshe ƙasan rumfar, ruwa ya tumbatsa ya gangara layin da ke ƙasa.

Ta aika masa takarda. Ya zo ofis da kansa, dattijo siriri, fensir a maƙale bayan kunne, ya ƙi zama a kujera.

"Ranki ya daɗe, a nan na aurar da 'ya'ya uku. In na tashi ina zan nufa?"

"Baba, ba ni na kore ka ba, ruwa ne. Zan rubuta a nema maka wani wuri."

Ta rubuta kuwa, har sau biyu, ba a ko amsa ba. Ranar da wa'adi ya cika suka iso da katafila, suka tarar ya riga ya kwance rumfar da hannunsa. Ya jera kwanon rufi gefe guda, ya zare ƙusoshi ya tara a gwangwani.

"In dai don ruwa ne na yarda," in ji shi. "Ni ma ɗakina a layin ƙasa yake."

Daminar shekarar ruwa ya wuce sumul, ko ƙofar gida ɗaya bai leƙa ba. Duk sanda ta bi ta wurin sai ta sa a rage gudu ta leƙa magudanar, ta ji ranta ya yi fari. Ko ba komai, ga abu ɗaya da za ta nuna.

Da rani ya shiga aka yi wa tsohuwarta aikin ido, ta ɗauki hutun mako shida ta je jinya. Ranar da ta dawo aiki direban sashen, wanda kowa ke kira Baba Direba don ya girmi duk ma'aikatan, ya ɗauke ta zagaye. Sai ta ga ya bar hanyar kasuwa ya bi ta bayan asibiti.

"Baba, yau kuma mai ya yi mana yawa ne?"

"Hanyar can akwai cunkoso, Shugaba."

"Da ƙarfe goma na safe? Juya."

Ya juya yana ta gyaran murya. Tun daga nesa ta hango tifa na sauke yashi. An zuba kankare an rufe magudanar tun daga bakin kasuwa har kwanar masu kayan gwari, an jera shaguna goma sha huɗu a kai, gini har ya kai saman ƙofa. Ta sauko ta zagaya ƙarshen ginin ta tsuguna. Magudanar da babban mutum ke shiga a tsaye an matse ta, an mayar da ita bututu biyu waɗanda ko akuya sai ta rusuna kafin ta shige. Ta tashi tana neman mai wannan ɗanyen aiki, sai idonta ya faɗa kan allo, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa aikin ƙaramar hukuma ne don bunƙasa kasuwanci.

A tsallaken titi, ƙarƙashin wata bishiya, kafinta ne tsaye a gaban bencinsa yana goge ƙafar kujera. Bai taso ba. Ita ta tsallaka ta same shi.

"Sannu da aiki, Baba."

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ashe shara na yi musu." Ya hure dusar da ke kan katakon. "Da kin gaya mini wurin ake so, da ban ɓata bakina ina gaya wa mutane don ruwa ne ba."

Rantsuwa ce ta zo mata, ta ga ko ta rantse ba ta da abin da zai sa ya yarda.

A ofis ta sa aka zaro fayil ɗin. Takardar izini na ciki, da hatimin sashenta, da sa hannun mataimakinta, mutumin da ake wa laƙabi da Ba Matsala saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Babu zanen gini, babu rahoton injiniya, babu komai.

"Ka je wurin ka gani kafin ka sa hannu?"

"Shugaba, sama aka kira ni. Na tarar da takardar a kan tebur, biro ma an cire masa murfi."

"Shi ne ka sa?"

"'Ya'yana bakwai, Shugaba." Ya sunkuyar da kai. "Amma ba matsala, ai an sa bututu."

Ta haye bene wurin Ciyaman. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai, don da mai faɗa ne da ta san inda za ta kama. Ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya tambayi idon tsohuwa, ya saurare ta har ta gama.

"Yaya," haka yake kiran ta in yana son ya kashe mata jiki, "matasa goma sha huɗu za su samu wurin sana'a. Ke kanki kin san yadda zaman banza ya yi yawa."

"Ranka ya daɗe, gida arba'in ne a layin ƙasa. Bututun nan ba za su ɗauki ruwan awa ɗaya ba."

"Ɗan kwangila ya ce za su ɗauka."

"Ɗan kwangila ba a layin yake kwana ba."

Ya yi dariya har da buga tebur. "To yanzu hukuma ce za ta nemi izini a wurin hukuma? Ki rubuto, za mu duba."

Ta rubuta. Ta haɗa da awon faɗin magudanar na da da na yanzu, da lissafin ruwan da ke gangarowa daga tudu. Mako biyu shiru. Ta sake rubutawa, aka ce fayil ɗin na wurin Sakatare. Ta je wurin Sakatare, aka ce yana wurin injiniya. Injiniya ya ce shi ko ƙyallinsa bai gani ba. Ta rubuta ta uku. Kafin nan an yi rufi, an sa ƙofofin ƙarfe, an shafe shagunan da fenti ruwan madara.

A cikin kwanakin ne ta kai wa wani mai shayi takarda saboda ya ci hanya da tebur. Ya karɓa ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Hajiya, ta shagunan bayan kasuwa ma kin kai?" Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Tun daga ranar duk inda ma'aikatanta suka je da takarda, tambayar ke nan.

Da yamma tana tsinke ganye a tsakar gida, ta gaya wa mijinta abin da ta yanke.

"Wasiƙata ta ƙarshe ita ce gargaɗinsu, wa'adin kwana ashirin da ɗaya ya cika jiya. Gobe zan shafa musu."

Ya sauke rediyon da ke kunnensa. "Su wa?"

"Shagunan."

"Maman yara, kin rubuta, kin ajiye kwafi, kin fita hakkinsu. Wanda ke biyan ki albashi za ki shafa wa fenti? Shekara uku ta rage miki ki huta."

"Malam, na tashi dattijo daga inda yake cin abinci. In ban shafa wa waɗannan ba, to zaluntarsa na yi, ba aiki ba."

Ya ce, "To ki sa tsohon mayafi. Wancan fentin ba ya fita."

Washegari ma'aikatanta biyar, uku ciwon ciki ya kama su, ɗaya an yi masa rasuwa a ƙauye, Ba Matsala kuwa ya tafi neman fayil. Baba Direba ne ya ɗauko gwangwanin fenti ya sa a bayan mota. Ƙarfe sha ɗaya, kasuwa ta cika maƙil, ta tsoma buroshi ta zana gicciye a ƙofar farko, ta rubuta "A DAKATA" a ƙasa. Kafin ta kai ƙofa ta huɗu mutane sun yi dafifi. Wata mai tumatir ta rangaɗa guɗa. Wani ya ce, "Yau ake yin ta, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi!" Wani kuma ya ce matar nan ta samu taɓin hankali. Gumi na shiga mata ido, amma sai da ta kai ƙofa ta goma sha huɗu. Ta waiga tsallaken titi, kafinta na ta aikinsa, ko ɗago kai bai yi ba.

Fentin bai kwana biyu ba. Aka turo masu fenti suka mayar da ruwan madara, sai dai in rana ta haska kana iya hango jan yana leƙowa ta ƙasa. Ita kuma aka aiko mata takardar tuhuma, wai ta ɓata dukiyar gwamnati kuma ta zubar da mutuncin hukuma a bainar jama'a, ta yi bayani cikin awa arba'in da takwas. A karo na farko ke nan da ta ga takarda ta sauko daga bene da sauri haka. Motar sashen ma aka ce a kai gareji gyara, aka karɓe makulli. Ta koma hawa motar haya da fayil a hammata. Aka raba shagunan. Kafinta ya cike takardar nema, sunansa bai fito ba.

Da damina ta faɗi, ruwan farko da na biyu bututun suka shanye. Ba Matsala har yana cewa, "Kin gani ko, Shugaba?" Na uku ya sauko wata Talata bayan azahar, ya yi awa uku bai ɗauke ba. Tana tsaye a tagar ofis tana kallon yadda yake zuba. Ba ta jira ya tsaya ba, ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta nufi kasuwa.

Leda da kwali sun toshe bakin bututun tun a awar farko. Ruwa ya rasa hanya, ya hau kan titi, ya kwarara layin ƙasa gaba ɗaya. Ta tarar da shi iya gwiwa, wani wurin iya ƙugu. Katifu, tukwane, littattafan 'yan makaranta, duk suna yawo. Maza huɗu sun ɗauko wata tsohuwa a kan ƙyauren ƙofa. Katanga shida ta faɗi, har da bangon ɗakin kafinta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Shagunan kuwa suna tsaye a kan tudun kankarensu, ko dandamalinsu bai jiƙe sosai ba.

Wata mata da ke kwashe ruwa da roba ta gane ta.

"Au, kin zo kallo? Ina amfaninku? Talaka ya kafa rumfa ku zo da katafila, ga shi an toshe mana ruwa kuna zaune a ofis!"

Ba ta kare kanta ba. Ta karɓi wata roba ta shiga kwasar ruwa har magariba.

Kwana biyu bayan haka Ciyaman ya yi magana a rediyo, ya jajanta, ya ce an kafa kwamiti ya binciki sakacin sashen duba gine-gine. Mijinta ya kashe rediyon da sauri, amma ta riga ta ji. Ranar zaman kwamiti ta je da kwafin wasiƙunta uku, da takardar tuhumar da aka ba ta, ta jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Shugaban kwamitin ya ɗaga ta farko ya karanta rabi, ya kalli sauran, ya mayar ya kife.

"Shugaba, ba tone-tone ya kawo mu ba. Mafita muke nema."

"Mafitar tana shafi na biyu. A rushe, a buɗe magudanar yadda take."

"Duka sha huɗun? Haba, a dai duba."

Aka duba. Aka rushe shaguna biyu na ƙarshe, aka fasa kankaren wurin aka gina kwalbati mai ɗan faɗi, sauran sha biyun aka bar su a kan bututunsu. An ɗauki hoton Ciyaman riƙe da guduma. Rahoton kwamiti ya ce ruwan bana ya wuce misali, ya kuma shawarci sashenta da ya ƙara sa ido. Takardar tuhumar ba a janye ba, ba a kuma sake tayar da ita ba, tana nan cikin fayil ɗinta. Kafinta ya kwashe iyalinsa ya koma wurin ɗansa a wani gari. Ta samu labari ne bayan ya tafi.

A makon ne ta cike takardar neman ritaya kafin lokaci. Mijinta da kansa ya gyara mata rubutun. Takardar sai da sa hannun Ciyaman, don haka ta hau bene ta miƙa masa hannu da hannu. Ya karanta, ya dafe ƙirji.

"Yaya! Ki tafi ki bar mu da wa? Ko jiya da baƙi suka zo daga sama, da ke na yi misali. Na ce muna da mace a nan, hukumar ma ba ta ƙyale ba. Ke ce mutuncinmu." Ya ja durowa ya jefa takardar, ya tura da gwiwa. "Ba zan sa hannu ba. Gobe ma za a dawo muku da mota."

Ta tsaya tana kallon durowar. Maganganu sun cika mata baki, tun daga na rumfa har na tsohuwar da aka ɗauko a ƙyaure, amma ta san ko ta faɗa ruwan sanyi zai sa a kawo mata. Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ta sauko.

A ƙofar ofis ta tarar da wani magidanci yana jira, da zanen gida mai ɗaki uku a naɗe a hannunsa. Ta shimfiɗa zanen a tebur, ta danne gefe da kofin shayi, ta bi shi da yatsa.

"Ramin masai ya yi kusa da rijiya. Ka matsar da shi can kusurwar, taku talatin aƙalla."

"Hajiya, filin ƙarami ne. Kuma fisabilillahi, ita hukumar da kanta ba a kan magudana ta..."

"Na sani," ta katse shi. "Na fi ka sani. 'Ya'yanka ne za su sha ruwan rijiyar, ba hukuma ba. Ka matsar da ramin ka dawo ranar Alhamis."